Rauta na falo, amma Wi-Fi bai kai cikin gida: me ya kamata a saya?

Wani magidanci daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi ya aiko da tambaya. Yana da rauta (na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi) mai sim na 4G a falonsa da ke kusa da ƙofar gida. Ginin na bulo ne, rufin kwano, sashen iyali kuma yana can bayan tsakar gida, tazarar kamar mita 25. A falo abin ba laifi, amma a ɗakin uwargida sanda ɗaya ce ke fitowa, kiran bidiyo na ta yankewa, da dare kuma ko'ina sai ya yi nauyi. An ba shi shawarar ya sayi "busta", shi ne yake son sanin ko ita ce mafita.

Malam, kada ka sayi komai tukuna. Abin da kake kira sabis ɗin gidanka tafiya ce mai zango biyu. Zangon farko daga ƙarfen sabis na kamfani zuwa rautarka, na biyu daga rautar zuwa wayar da ke hannunka. Sandunan Wi-Fi da kake gani a saman waya labarin zango na biyu kaɗai suke ba ka. Shi ya sa za ka ga sanduna a cike amma saƙo ya ƙi tafiya: rautar tana jin wayarka sarai, ita ce ba ta samun abin kirki daga waje. Yadda ka bayyana, kana da matsala a zangunan biyu, kuma maganin ɗaya bai warkar da ɗayan.

Fara da awo. Tsaya taku biyu daga rautar, ka kashe datar sim ɗin wayarka don kada ta ruɗe ka, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest ka rubuta abin da ya fito. Yi haka da hantsi, ka sake yi tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare. Sannan ka je ɗakin uwargida ka maimaita. Idan a gaban rautar kana samun Mbps 15 (Mbps shi ne ma'aunin gudun intanet) amma a ɗaki 1, Wi-Fi ne bai isa ba. Idan a gabanta ma 2 kake samu, ko ka cika gidan da na'urori wannan 2 ɗin za su rarraba. Don ka san ma'auni, kiran bidiyo na WhatsApp bai cin fiye da Mbps 1 zuwa 2, YouTube kuma na neman kamar 2.5 don hoto mai kyau na 720p, da 5 don 1080p.

Bari mu fara da zangon waje. A ƙarƙashin rautar akwai takarda manne mai adireshin shafin saitinta. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, wasu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza, ka shiga da kalmar sirrin da ke jikin takardar, ka nemi inda aka rubuta RSRP da SINR. RSRP shi ne ƙarfin sabis ɗin da ke isowa, lamba ce mai alamar ragi a gaba, kuma wadda ta fi kusa da sifili ta fi kyau. Daga -80 zuwa -90 lafiya lau, wajen -100 ana maneji, abin da ya wuce -110 kuwa rautar da ƙyar take riƙe da layi. SINR shi ne tsabtar sabis ɗin, wato yadda ya fi ƙarfin hayaniyar da ke kewaye da shi. Sama da 13 yana da kyau, sama da 20 madalla, kusa da sifili kuwa wahala ce ko da RSRP ya yi kyau. A ganina SINR ya fi cancantar a sa masa ido, domin shi ya fi nuna gudun da za ka samu.

Yanzu ɗauki rautar da doguwar wayar wuta ka zagaya da ita. Gwada kowace taga, ka jira minti ɗaya a kowane wuri lambobin su zauna, ka rubuta. Bambancin taga da ke fuskantar ƙarfen sabis da kusurwar ɗaki yakan kai dB 10 ko fiye (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sabis), kuma kowane dB 3 ninki biyu ne na ƙarfi, dB 10 ninki goma. Wannan gyara ne da bai cin ko sisi. Tagar da aka yi wa ragar sauro ta ƙarfe mai ƙananan idanu tana tare sabis fiye da yadda ake zato, don haka gwada a buɗe da a rufe.

Nauyin da kake gani da dare wani abu ne daban. Idan RSRP bai canza ba amma gudu ya faɗi bayan isha'i, cunkoso ne a kan ƙarfen sabis ɗin unguwarku: kowa ya dawo gida ya hau intanet, ana rabon abu ɗaya. Babu na'urar da za ka sa a ɗakinka ta gyara wannan. Abin da ke aiki shi ne gwada layin wani kamfani. Ari sim na MTN, Airtel ko Glo daga maƙwabta, ka sa a waya ka auna a wannan lokacin na dare, a wannan tagar. Wanda ya fi kyau a Gesse ba lallai ya fi kyau a Badariya ba, balle Jega ko Argungu. Ka sani yawancin rautocin da kamfanonin sadarwa ke sayarwa a kulle suke da layinsu, sai ka nemi wadda ke karɓar kowane sim. Ka kuma duba tsarin datarka, domin da yawa daga waɗanda ake cewa ba su da iyaka suna rage gudu bayan an cinye wani adadi, mutum ya yi ta zargin rauta alhali ƙa'idar tsarin ce.

Game da bustar da aka ba ka shawara, abubuwa biyu ake kira da wannan suna a kasuwa, na biyun za mu zo kansa a gaba. Akwai mai ƙara ƙarfin sabis ɗin waya, mai eriya a waje da wata a ciki. Wannan kam, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta hana amfani da ita ba tare da izini ba, saboda maras inganci tana jefa hayaniya a kan ƙarfen sabis ta ɓata wa unguwa duka. Ka bar ta. Halastacciyar hanya ita ce eriyar waje da ake haɗawa kai tsaye da rauta, idan rautar na da ramukan eriya a bayanta, na SMA masu zare ko ƙananan TS-9. Ramukan biyu ne saboda 4G na aiki da eriya biyu lokaci guda, don haka ka sayi mai kebul biyu. A nan mutane ke asarar kuɗi: siririn kebul irin RG58 yana zubar da kusan dB 1 a kowace mita a manyan mitocin 4G, to idan eriya ta ba ka dB 9 ka ja ta da mita 10 na wannan kebul, ka koma inda ka fito. Kada ya wuce mita 5, ko a sa mai kauri irin LMR-400. Wanda ya fi duka shi ne rauta ta waje, wadda sim da eriya ke cikin akwati ɗaya a saman fol, kebul ɗin intanet kaɗai ke saukowa, shi kuma bai zubar da komai.

Sai zangon cikin gida, wanda shi ne babbar matsalarka. Sauke manhajar auna Wi-Fi a wayar Android, irin su WiFi Analyzer, ka zagaya gidan. Abin da take nunawa shi ma lamba ce mai ragi. Kusa da rauta za ka ga kamar -40, har zuwa -67 kira da bidiyo na tafiya daidai, daga -70 abin ya fara tangal-tangal, a -80 kuwa waya na haɗuwa tana saki. Ina kyautata zaton ɗakin uwargida na wajen -80 ɗin nan.

Ba nisan mita 25 ba ne ya kashe shi. A fili, Wi-Fi na wuce haka cikin sauƙi. Abin da ke tsakani ne. Littattafan da ke zuwa cikin kwalin rauta an rubuta su ne da tunanin gidaje masu bangon katako da allo irin na Amurka. Mu bulon siminti muke gini da shi, inci 9 a waje, inci 6 a ciki, a yi masa filasta gaba da baya, wani lokaci a cika ramukansa da kankare. Bango ɗaya irin wannan na iya cinye mafi yawan ƙarfin, biyu su kusa gamawa da shi, na uku ba a maganarsa. Ƙarfe ya fi bulo muni domin mayar da sabis baya yake yi: ƙofar ƙarfe, get, firji, kwanon da aka yi shinge da shi, rodin da ke cikin rufin kankare, har da babban madubi saboda azurfar bayansa. Ruwa kuma shanye shi yake. Tankin ruwa, randuna a jere, bangon ƙasa mai kauri da ya sha ruwan damina, da ganyen dogon yaro ko mangwaro a tsakar gida duk suna rage shi. Wannan ne dalilin da ya sa wasu gidajen ke ganin Wi-Fi ya fi rauni a watan Agusta fiye da lokacin bazara.

Tsaya inda rautar take ka miƙa hannu zuwa ɗakin da ake kuka da shi, ka ƙirga abin da layin ya ratsa. Idan ya ratsa bango a karkace, kaurin da ya bi ya ninka. Sau da yawa matsar da rauta mita biyu zuwa tagar da ke kallon tsakar gida yana cire bango biyu daga lissafi, sabis ɗin ya bi fili ya shiga ta tagar ɗakin can. Ɗaga ta sama kamar mita 2, a kan kanta ko a rataye a bango, ba a ƙasa ba, ba bayan talabijin ba, ba cikin kabad ba. Kada a cusa ta cikin silin kusa da kwano, zafi zai dafa ta. Idan tana da eriya a waje, a tsayar da su cak. Eriya na watsa sabis ne ta gefenta, kamar faifai a kwance, ba ta tsininta ba, don haka nuna tsinin zuwa ɗakin da kake so shi ne mafi munin saiti. Dabarar sa gwangwani ko takardar alminiyom a bayan eriya tana ƙara ɗan abu kaɗan ta gaba ta rage ta baya, ba za ta huda bulo ba.

A cikin saiti akwai abubuwa uku da suka cancanci taɓawa. Na farko mitar rediyon da rautar ke watsa Wi-Fi a kai. Rautoci da yawa na watsa 2.4 GHz da 5 GHz. Ta 5 ta fi gudu kuma ba cunkoso, amma bango ɗaya ko biyu ke gamawa da ita. Ta 2.4 ta fi nisa da ratsa gini. Ba su suna daban-daban, na falo su hau 5, na nesa su hau 2.4. Na biyu tasha, inda aka rubuta Channel. A 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Manhajar za ta nuna maka inda maƙwabta suka taru, ka zaɓi wadda ba kowa cikin ukun, ka sa faɗinta 20 MHz maimakon 40. A ƙauye ko unguwar da gidaje ke da tazara wannan ba zai canza komai ba, amma a gidan haya mai ɗakuna da yawa ko kusa da kasuwa yana taimakawa sosai. Na uku tsaro: zaɓi WPA2 mai AES ko WPA3. Tsofaffin WEP da TKIP, ban da rashin tsaro, suna danne gudu kada ya wuce Mbps 54.

Tunda an zo kan tsaro, duba jerin na'urorin da ke haɗe a shafin rautar. Idan mutanen gidanka bakwai ne ka ga goma sha biyar, matasan da ke zama a dakalin ƙofar gida sun samu kalmar sirri. Wayoyin yanzu na nuna ta da lambar QR, mutum ɗaya ya samu, majalisa duka ta samu. Toshe su ɗaya bayan ɗaya ba ya ɗorewa domin wayoyi na iya canza lambar shaidarsu. Canza kalmar, ka kashe WPS (hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba), ka buɗe wa baƙi layi na daban idan rautar na da shi. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: waya ɗaya da ke can nesa tana fama da sabis mai rauni tana cinye lokacin rautar, ta rage wa na kusa gudu.

Wani zai ce a sayi rauta mai eriya shida mai ƙarfi. Magana ce ta ɓangare biyu. Ko rauta ta yi ihu ta isa ɗaki, dole wayar ta amsa, ita kuma ƙaramar eriya gare ta da ƙaramin batir. Sai ka ga sanduna sun ƙaru amma kira bai daina yankewa ba.

Ɗayan abin da ake kira busta shi ne rifita, ƙaramar na'urar da ake soka wa a soket ta kama Wi-Fi ta sake watsawa. Tana aiki, amma da sharuɗɗa. Kuskuren kowa shi ne sa ta cikin ɗakin da babu sabis, inda ita ma ba ta jin komai sai raunin da za ta maimaita. Wurinta tsakiya ne, inda awo ke nuna -60 zuwa -65. Kuma mai rediyo ɗaya tana saurara ta maimaita a kan tasha guda, don haka gudu na raguwa da kusan rabi. A gida irin naka tsakiyar hanya tsakar gida ce, babu soket, ga rana ga ruwa. Na'urorin mesh, wato rukunin na'urorin Wi-Fi da ke aiki tare kamar guda ɗaya, sun fi ta wayo, waya na sauya wuri ba tare da yankewa ba, amma idan su ma ta iska suke magana da juna, bulon nan dai na tsakaninsu. Na'urori masu tura intanet ta wayar wutar gida kuwa ban ba da shawararsu a nan ba: gidajenmu na sauyawa tsakanin wutar gari, janareta da inbata, wani sashen ma a kan layin wuta daban yake, ga haɗin wayoyi da ba kullum yake da tsabta ba.

Abin da zai raba ka da wannan matsala shi ne kebul. Wurin da rauta ta fi kama sabis ɗin waje da wurin da iyali ke buƙatar Wi-Fi ba wuri ɗaya ba ne, to a bar rautar a tagar da ta fi kyau, a ja kebul zuwa sashen iyali, a sa na'ura ta biyu a can. Kebul na Cat5e ko Cat6 na kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Kai kana buƙatar kamar mita 35 zuwa 40 idan an bi bango da kwana, ka auna da igiya ka ƙara mita 5. Sai kawunan kebul da ake kira RJ45 guda huɗu, biyu na aiki biyu na ko-ta-kwana, da bututun PVC na milimita 20.

Wajen sayen kebul a kula. Kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, ana rubuta CCA a kwalinsa, wani ma ba a rubutawa. Kankare silin waya ɗaya da reza: idan fari ya bayyana, alminiyom ne. Yana karyewa da wuri, kuma bai dace da tura wuta ta cikinsa ba. Nemi jan ƙarfe zalla. Kebul na cikin ɗaki idan aka bar shi a rana, rigarsa na bushewa ta farfashe, don haka ko a sa shi cikin bututu ko a sayi baƙi na waje. A bi gindin katanga ko a binne shi, kada a rataya shi a sama daga rufi zuwa rufi, domin tsawar farkon damina na iya biyo shi ta ƙona ramukan na'urorin biyu ko da ba a gidan ta faɗi ba. A nisanta shi da wayar wuta kamar santimita 30 idan suna tafiya a jere. Inda zai shiga bango daga waje a lanƙwasa shi ƙasa kaɗan kafin ramin, ruwa ya ɗiga a nan maimakon ya bi shi ciki.

Wanda zai matse kawunan ya bi jeri ɗaya a ɓangarorin biyu: fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore, shuɗi, fari-da-shuɗi, kore, fari-da-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wasu masu gyara na jera launukan yadda suka ga dama, suna cewa ai duka ɓangarorin iri ɗaya ne. A mita 2 zai yi aiki, a mita 40 sai ya riƙa yankewa, domin an raba wayoyin da aka murɗe tare don kare juna daga hayaniya.

Na'ura ta biyu ba sai sabuwa ba, tsohuwar rauta mai ramukan soka kebul da aka rubuta wa LAN ta isa. Idan tana da zaɓin AP a saitinta, wato ta zama mai watsa Wi-Fi kawai, kunna shi ka soka kebul, an gama. Idan babu, haɗa waya da ita ita kaɗai kafin a soka kebul, ka canza adireshinta zuwa na gidan babbar rautar, misali 192.168.8.2 idan babbar 192.168.8.1 ce, ka kashe DHCP, wato saitin da ke raba wa wayoyi adireshi, sannan ka soka kebul a ramin LAN, ba WAN ba. Idan aka manta ba a kashe DHCP ba, na'urori biyu za su riƙa raba adireshi, wasu wayoyin su haɗu amma ba intanet, yau wannan gobe wancan. Ba ta suna da kalmar sirri irin na babbar, amma tasha daban: babba a 1, ƙarama a 6 ko 11. Idan gidan babba ne mai sassa da yawa, AP ta waje guda ɗaya a ƙarƙashin inuwar rufi tana kallon tsakar gida takan isa duk ɗakunan da tagoginsu ke buɗewa can, kuma da PoE wutarta ta cikin kebul ɗin za ta bi, ba sai an ja soket ba.

Saura wuta da zafi, waɗanda kan yi kama da matsalar sabis alhali ba ita ba ce. Yawancin rautocin gida an yi su ne su yi aiki har zuwa digiri 40, Birnin Kebbi kuwa a watan Maris da Afrilu tana wuce haka a inuwa. Rautar da rana ke duka ta gilashin taga za ta rage gudu ko ta mutu ta taso da kanta da azahar. A sa ta gefen taga inda rana ba ta kaiwa, kada a rufe ta da ƙyalle, a hure ƙurar hunturu daga ramukan iskarta. Idan MiFi ce, wato ƙaramar rauta mai batir, barinta a caji dare da rana na kumbura batir, kuma dama ƙarfinta na ɗaki ɗaya ne, ba ta gida duka ba ce.

Duba adafta ma. Idan an rubuta 12V 1.5A a jikin rauta aka sa mata ta 12V 0.5A saboda ta asali ta ƙone, fitilunta za su kama, amma da zarar aiki ya yi yawa sai ta sake tashi. Voltejin dole ya zama daidai, amfiya kuwa daidai ko sama. Don ɗaukewar wuta, ƙaramar UPS (akwatin batir mai riƙe wuta) mai fitar da 12V ta fi kunna inbata saboda na'urar da ba ta cin fiye da wat 12. Batirin 12V 7Ah na riƙe rauta ɗaya kamar awa 4 zuwa 5 ba tare da an zuƙe shi ƙarƙaf ba. Mai son haɗawa kai tsaye da batirin sola ya sa abin daidaita volteji a tsakani, domin lokacin caji batirin na haura 14V, ya kuma tabbatar tsakiyar filogin ita ce mai alamar tarawa kafin ya soka. Na'urar sashen iyali ita ma tana buƙatar nata tanadin, in ba haka ba duk lokacin da aka ɗauke wuta falo zai ci gaba da aiki, cikin gida ya koma sanda ɗaya.